Yadda Ake Tsare Kare Daga Shuke-shuke Masu Guba a Gida da Lambu

Babban kare mai ƙoshi ba kasafai yake zuwa ya kama cin ganye mai ɗaci a jikin bishiya ba. Abin da ya fi yi wa karnuka illa a gidajenmu shi ne wanda ya riga ya faɗo ƙasa: 'ya'yan da suka zubo, reshen da aka sare aka bari a tsakar gida, saiwar da karen ya tono yana neman sanyi. Saboda haka wannan aiki ido a ƙasa ake yinsa. Ko gidan a GRA yake mai fulawoyi jere, ko a Hanwa da Palladan, ko garka ce a bayan gida cikin birnin Zariya, hanyar ɗaya ce.

Kayan aiki

Safar hannu ta roba mai kauri wadda ta wuce wuyan hannu, tabarau mai rufe ido, riga mai dogon hannu, adda, diga, shebur, manjagara, buhuna 4 ko 5 da igiyar ɗaure su, baro idan akwai, tsummoki masu launi biyu don yin alama, ragar waya da turaku, sai wayar hannu mai ɗaukar hoto. In babu safar roba, a zura hannu cikin leda biyu a ɗaure a wuyan hannu. Safar ulu ko ta yadi ba ta da amfani a nan, don nonon shuka yana ratsa ta ya kwanta a fata.

A ajiye kuma, daban, cikin wani ɗan akwati: sirinji na mil 20 marar allura, gawayin asibiti da ake samu a kemis, ruwa mai tsabta lita 2, tsohon bargo, da lambar likitan dabbobi a rubuce a jikin murfin. A rubuta nauyin karen a gefenta. Gano nauyin ba wuya: ka hau ma'auni kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da shi, ka cire na farko daga na biyu.

1. A kulle karen tukuna

Kafin a taɓa ko reshe ɗaya, a sa shi a ɗakinsa ko a ɗaure shi inda ba ya ganin aikin, da ruwan sha a gabansa. Ranar sara da tumɓuka ita ce ranar da ta fi kowace haɗari. Rassa na zube, ƙasa a tone tana ƙamshi, mai gida yana jan reshe, ɗan kwikwiyo kuwa ya ɗauka wasa aka zo yi da shi. Awaki da tumaki da yara ƙanana su ma a kau da su, don yawancin abin da za a ambata a ƙasa ba ya zaɓe.

2. A zaga gidan a tsugune

A bi jikin katanga tun daga ƙofa har a dawo inda aka fara, ana duƙawa daidai tsayin kare. A leƙa bayan tankin ruwa, bakin kwata, gefen juji, ƙarƙashin bishiyar maƙwabci da ta leƙo ta saman katanga. Duk shukar da ba a san sunanta ba, a ɗauki hotonta guda 3: ganye, fure ko 'ya'ya, da ita gaba ɗayanta. Ana iya nuna wa tsofaffin masu lambu, ko a kai reshe cikin leda sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, inda suke da ma'ajiyar busassun tsirrai ta tantance suna. Mai sayar da fulawa a bakin titi zai iya sanin sunan kasuwa, amma sau da yawa bai san ko tana da guba ba, don ba abin da ake tambayarsa ke nan ba.

A ɗaura jan tsumma ga wadda za a cire, wani launin kuma ga wadda za a killace.

3. Waɗanda za a ɗaura wa jan tsumma

Waɗannan ba a yin ciniki a kansu in akwai kare a gida, balle ɗan kwikwiyo.

Masu taɓa zuciya su ne kan gaba. Oliyanda, wato shukar nan mai dogayen ganye siriri masu kauri kamar fata da fure ja ko ruwan hoda ko fari, wadda ake jerawa a bakin katanga saboda juriyar fari. Sai 'yar'uwarta mai rawayan fure kamar ƙararrawa, wadda 'ya'yanta ke zubowa kore su koma baƙi, kwikwiyo ya mai da su ƙwallo. Sai kariya, mai kumburarren gindi da kyakkyawan fure da ake sawa a tukunya a baranda. Magabata sun san ta sarai, da ita ake haɗa dafin kibiya da na kamun kifi. Sai tumfafiya, wadda ba wanda ke shuka ta amma ba ta rasa fitowa a kango. Dukkansu huɗun suna ɗauke da sinadarin da ke rikita bugun zuciya: kare ya fara dalalar da miyau, ya yi amai, jiki ya mutu, zuciya ta riƙa tsalle ko ta yi sanyi, wani lokaci ya faɗi cikin 'yan sa'o'i. Bushewar ganyen ba ta kashe gubar. Ganyen oliyanda da iskar hunturu ta kaɗo cikin kwanon ruwan kare abin tsoro ne kamar ɗanyensa.

Masu guba a ƙwaya su ne zurma, bini da zugu da idon zakara. A nan tauna ce ke buɗe ƙofar mutuwa. Ƙwayar zurma ko ta idon zakara in ta wuce a dunƙule tana iya fita ba ta yi ɓarna sosai ba, amma in haƙori ya fasa ta, gubar ta fito ta ci bangon hanji, sai amai da gudawa har da jini. Abin da ke yaudarar mutane shi ne jinkirinta: kare zai iya wuni yana wasa, alamun su bayyana bayan sa'o'i da yawa, wani lokaci har washegari. Zurma tana fasa kwansonta ta watsa 'ya'ya nesa da gindinta, don haka a share fili mai faɗi, kada a tsaya a inuwarta kawai. Tunkuzar zurma da wasu ke zubawa a matsayin taki ita ma kada ta shigo gidan da ke da kare. Bini da zugu kuwa, da shi aka saba yin shinge a ƙauyukan da ke kewaye da Zariya, kuma ƙwayarsa ba ta da ɗaci, shi ya sa yara ma suke ci.

Zaƙami, wanda ake ce wa haukata yaro, yana fitowa da damina a juji da bakin kwata, mai farin fure kamar kakaki da 'ya'ya masu ƙaya. Karen da ya ci shi ƙwayar idonsa takan buɗe warai, baki ya bushe, zuciya ta yi gudu, ya riƙa tangaɗi yana kai cizo ga abin da babu. Mutane da yawa sukan ɗauka haukan kare ne su nemi sanda. A lura da wannan, za a dawo kansa.

Akwai wata da ta shigo da yayin ƙawata gida, mai kama da ɗan gajeren dabino, ganyenta masu tauri da sheƙi suna fitowa a zagaye daga kututture guda. Sunanta Cycas, kuma masu fulawa suna sayar da ita da tsada. A cikin duk shuke-shuken ado, da wuya a samu wadda ta fi ta kisan karnuka. Amai yakan fara a ranar, sai karen ya yi kamar ya warware, bayan kwana 2 zuwa 3 hanta ta gaza, ido da dasashi su yi rawaya. Tsadarta kada ta sa a yi mata sassauci. A bai wa wanda ba shi da dabba.

A ƙara da gatarin kurege, mai hawa da fure ja da rawaya a murɗe, wanda gubarsa ta fi yawa a saiwa da 'ya'ya, da kurnan nasara, mai kama da darbejiya amma 'ya'yansa zagayayyu ne masu rawaya da ke daɗewa a reshe kafin su zubo.

4. Waɗanda killacewa ta wadatar

Akwai masu ƙuna a baki: manyan ganyayen ado na cikin falo masu ɗigo-ɗigon fari, irin su Dieffenbachia da Caladium, har da ɗanyen ganyen gwaza. Cikinsu akwai ƙananan allurai da ido ba ya gani, suna soke harshe da maƙogwaro. Kare yakan saki da wuri saboda zafin, yana sosa baki da ƙafa. Ba kasafai suke kisa ba, sai in maƙogwaro ya kumbura ya toshe numfashi. Dangin tinya da aguwa, da fulawar nan mai ƙaya da ƙananan jajayen furanni, nononsu ne ke ƙona fata da ido. Zabuwa da 'yar'uwarta alobera suna sa gudawa. Albasar kwaɗi tana sa amai in an tono kanta an tauna. Duranta, shingen nan mai rawayan ganye da ake aske shi a jere a ƙofar gidaje da ofisoshi, babbar matsalarta 'ya'yanta ne masu ruwan lemo, ko da yake ganyenta ma yana da guba. In ana aske ta a kai a kai ba ta samun damar yin 'ya'ya, amma a kwashe askin nan take.

Lambun kayan miya shi ne inda aka fi sakaci, don kowa na ganin abin da mutum ke ci ba zai cuci kare ba. Albasa da tafarnuwa suna farfasa ƙwayoyin jinin kare. Kashi 1 cikin 200 na nauyin jikinsa ya isa ya fara ɓarna, wato giram 75 ga kare mai kilo 15, abin da bai kai matsakaiciyar albasa guda ba. Dafawa ko soyawa ba ta rage komai, don haka ragowar miya mai yawan albasa da ake juye masa kullum tana taruwa ne a jikinsa. Alamun sukan zo bayan kwanaki: kasala, haki, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kalar shayi. Ganyen tumatir da ɗanyun 'ya'yansa, dankalin turawa da ya yi kore ko ya tsiro, ɓawon ɗanyen rogo da ganyen taba duk a hana shi kaiwa gare su.

Inabi yana buƙatar magana ta musamman a wannan yanki, tunda yanzu ana noma shi sosai a Kudan, ga shi a kan tire a ko'ina in lokacinsa ya yi, wasu ma sun kafa rumfarsa a gida. Inabi da zabibi suna iya tsayar da ƙodar kare cikin kwana 1 zuwa 3, kuma babu adadin da za a ce ba shi da haɗari: wani kare ya ci da yawa ya tsira, wani 'yan ƙwayoyi su kayar da shi. Sinadarin tsamin da ake zargi a inabi yana da yawa a tsamiya, kuma an samu karnukan da ƙodarsu ta lalace bayan sun ci ta. Mai bishiyar tsamiya a gida ba sai ya sare ta ba, amma ya riƙa share abin da ya zubo, kuma tuƙar da aka tace bayan dama kunu kada a watsar da ita inda kare zai samu.

5. Tumɓukewa

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne farkon damina, wajen Mayu zuwa Yuni, ƙasa ta yi laushi kuma zaƙami da zurma ba su kai ga yin 'ya'ya ba. In da rani ne aikin ya kama, a zuba bokiti 3 na ruwa a gindin kowace shuka da yamma, a haƙa da safe.

A fara tsinke 'ya'ya da kwanso a zuba a buhu kafin a girgiza shukar, in ba haka ba sara ɗaya zai watsa su ko'ina. Sannan a sare rassa guntu-guntu, ana tsayawa ta inda iska ke fitowa don kada nonon ya fantsamo fuska. A bar kututture mai tsayin gwiwa, shi ne abin riƙo wajen jijjigawa. A haƙa zagaye, tazarar kamu 2 daga gindi, a datse saiwoyin gefe da diga, a ture.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sarewa daidai ƙasa a tafi. Oliyanda da tumfafiya za su tofo, kuma sabon tofo mai taushi shi ne daidai bakin kwikwiyo. Tumfafiya saiwarta na nutsawa ƙwarai, a bi ta aƙalla rabin mita. Reshen bini da zugu kuwa in aka yar da shi a ƙasa mai laima kamawa yake yi. In kututture ya gagara, a sare shi ƙasa-ƙasa, a kifa masa tsohon kwano ko rabin durom a danne da dutse, a riƙa dubawa duk mako 2 ana cire tofon.

Kada a ƙona oliyanda ko kariya ko tinya, hayaƙinsu na cutar da mutum da dabba, kuma kada a yi girki ko gashi da itacensu. Kada a watsa su bayan katanga inda awakin unguwa ke kiwo. A ɗaure a buhu a binne a rami mai zurfin mita 1 a wajen da kare ba ya zuwa. Bayan an gama a bi wurin da manjagara, a sake bi da tsintsiya, a wanke adda da safar hannu da sabulu kafin a cire tabarau. Ƙwayar zaƙami tana shekaru a ƙasa da ranta, don haka duk damina sai an sake zagawa.

6. Shinge da gyaran wurin zaman kare

Ragar waya mai tsayin mita 1.2 ta isa ga yawancin karnukan gida, mai tsalle kuwa a ba shi 1.5. A kafa turaku duk bayan mita 2, a binne gindin ragar santimita 30 a ƙasa, domin kare ya fi shiga ta ƙasa. In babu kuɗin waya, dangar kara ko zana za ta yi aiki muddin an jera bulo ko duwatsu a gindinta. Tukwanen fulawa a ɗora su a kan abin da ya fi ƙarfin tsayuwarsa da ƙafa biyu, a kuma zubar da ruwan da ke taruwa a ƙarƙashinsu.

Shinge shi kaɗai ba ya magance dalilin. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, wuri mafi sanyi a gida shi ne gindin fulawar da ake bai wa ruwa, can kare zai je ya tona ya kwanta, can kuma zai haɗu da saiwa. A ware masa wani lungu mai inuwa, a zuba yashi, a riƙa yayyafa ruwa da rana. Ɗan kwikwiyo mai wata 3 zuwa 6 yana canjin haƙori, dole ya tauna wani abu, a ba shi igiya mai kauri da aka ƙulla. Karen da ke wuni a ɗaure ba motsi shi ma duk abin da sarƙarsa ta kai gare shi zai ci.

Gurbin da aka cire ana iya cike shi da wardi, fulawar Ixora, ayaba, ɗoɗɗoya ko kabewa. In an yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari, kare ba ya shiga sai wurin ya bushe sarai.

7. Idan ya riga ya ci

A duba agogo a riƙe lokacin. A janye shi daga wurin, a sa safar hannu a zaro abin da ya rage a bakinsa. Idan karen bai yi allurar rigakafin hauka ba, kuma ba a ga abin da ya ci da ido ba, yana dalala yana kai cizo, kada kowa ya sa hannu a bakinsa. A rufe shi a ɗaki a kira likita, don guba da haukan kare suna iya kama da juna, kuma kuskure a nan ran mutum ne.

In nonon shuka ne ya shiga ido, a riƙa zuba ruwa mai tsabta a hankali har minti 15. In baki ne ke ƙuna, a wanke da sirinji ta gefe, kan yana kallon ƙasa don kada ya shaƙe.

Sannan a kira likitan dabbobi tun kafin alamu su bayyana. Jiran a ga abin da zai faru shi ne ke cinye sa'o'i 2 na farko, waɗanda a cikinsu ne ake iya fitar da gubar daga ciki. A Zariya akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitoci masu zaman kansu. Wanda ke birni ko Tudun Wada ko Wusasa ya lissafa da cunkoson hanya, ya tashi da wuri.

Abubuwan da aka saba ɗura wa kare a irin wannan hali suna ƙara masa wahala ne. Manja da man gyaɗa ba sa kashe guba, kuma in aka ɗura wa karen da jikinsa ya saki sukan bi ta hanyar iska su sauka a huhu. Madara ba magani ba ce. Ruwan gishiri don a sa shi amai yana iya kashe shi da kansa. Farasitamol da ibuprofen da diclofenac na mutane kada a ba shi ko ɗaya. Gawayin murhu da aka daka ba ya aikin gawayin asibiti.

Idan asibiti ya yi nisa kuma likita ya ba da izini ta waya, ana sa kare amai da haidirojin farokzayid, wato ruwan wanke rauni mai kumfa, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, mil 1 zuwa 2 ga kowane kilo, kada ya wuce mil 45 komai girman karen. A karanta jikin kwalbar da kyau, don ana sayar da mai kashi 6, wanda ke ƙona ciki. Ba a yin wannan ga karen da ke jijjiga, ko ya kasa tsayuwa, ko yake numfashi da ƙyar, ko ya riga ya fara amai, ko wanda ya ci shuka mai ƙuna a baki. Gawayin asibiti kuma giram 1 zuwa 2 ne ga kowane kilo, a dama da ruwa, a ba shi kaɗan-kaɗan, sai in yana iya haɗiya da kansa.

Wajen tafiya a naɗe shi a bargo, a kwantar da shi ta gefe, kai ya ɗan fi jiki yin ƙasa. Kada a ɗaure bakin karen da ke amai. A tafi da reshen shukar ko 'ya'yanta a leda ɗaya, ɗan aman a wata ledar. Likita zai tambayi abu 4: me ya ci, kamar yaya yawansa, ƙarfe nawa, kilo nawa ne karen.

Ko an sallame shi, in abin da ya ci Cycas ne ko inabi ko albasa ko zurma, a sa masa ido kwana 5. Kowace safiya a ɗaga leɓensa a duba dasashi: ruwan hoda shi ne lafiya, fari ko rawaya a koma asibiti a ranar. A lura da fitsarinsa, launinsa da yawansa. Karen da ya ci inabi ya wuni bai yi fitsari ba, kada a bar shi ya kwana a gida.